Gasar wasa muka fara a kulob, yanzu abokin tuƙina ba ya ɗaga wayata

Salam Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ina cikin wani kulob na tuƙin kwale-kwale, irin dogon nan siriri da ake zama ana ba gaba baya ana ja da filafili. Ni na kawo shawarar mu yi gasa ta wata ɗaya a tsakaninmu, kowa ya riƙa turo mitocin da ya ja a guruf ɗinmu na WhatsApp, ko a ruwa ko a injin atisaye, ni ke haɗa lissafi, wanda ya fi yawa a ƙarshen wata shi ne gwani, ba kuɗi ba kofi, sunan ne kawai. Da farko abin gwanin daɗi. A kwana na 25 abokina da muke jan jirgin mutum biyu tare shekara da shekaru ya wuce ni, ya kai kilomita 210, alhali a mita 2000 bai taɓa riga ni ba. Sai na rubuta a guruf cewa "injin gidan wane da alama bibbiyu yake ƙirgawa" na sa alamar dariya. Aka yi ta dariya, shi bai ce uffan ba, da dare ya fita daga guruf, bai ƙara zuwa atisayen safe ba kuma ba ya ɗaga wayata. Ga wata 'yar'uwa tana kukan ciwon haƙarƙari amma ta ƙi hutawa don kar a wuce ta, sababbin shiga kuma tuni sun daina turo nasu. Wasu na cewa in soke gasar, wasu na cewa in sa shi ya kawo shaida. Har ga Allah wasa nake, amma kuma lambobin nasa ba su kwanta min ba. Ya zan yi?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa.

Toh ni dai bazan ɓoye maka ba, ka yi wa abokinka laifi kuma ba ƙarami ba. Ka ce wasa kake, amma ko numfashi baka sauke ba ka ce lambobinsa ba su kwanta maka ba, kaga kenan abin da ke ranka ne ka faɗa, dariyar ɗora ta ka yi a kai don in an tanka ka ce ai raha ce. Shi kuma ba yaro bane ya gane, duk wanda ke guruf ɗin ma ya gane, shi yasa dariyar ta yi yawa. Sannan ka duba bakin wa maganar ta fito. Da wani can ne ya rubuta da ƙila ya share, amma kai ne abokin jirginsa, kai ne kuma mai riƙe da lissafin gasar, wato alƙali ne da kansa ya fito gaban jama'a ya ce bai yarda da shi ba. Bawan Allah ya kwashe kwana 25 yana ja, tafin hannu duk bororo da kanta, ranar da ya zaci za a ce masa sannu da ƙoƙari sai aka mai da shi maƙaryaci ana ƙyalƙyala dariya. Ko kai ne ai zaka fita daga guruf ɗin.

Zo mu yi lissafi tunda lamba ce ta haɗa ku. Kilomita 210 a kwana 25, in ka raba kilomita 8.4 ne a rana. Mutumin da ke ja a hankali, a ce minti 2 da sakan 20 a kowace mita 500, wanda kai ma kasan wannan ba gudu bane ga namijin da ya saba atisaye, ana yi ana hira, zai gama wannan a ƙasa da minti 40. Minti 40 fa a rana. Kuma da bakinka ka ce inji gare shi a gida, wato ba sai ya jira an buɗe kulob ba, ba sai ya jira iska ta lafa ko an sami wanda za su ɗauki jirgi tare ba, in ya ga dama ya yi minti 20 da safe ya yi 20 da dare shikenan ya cika. Kamfanin Concept2, masu ƙera injin da yawancin kulob ke amfani da shi, duk ƙarshen shekara suna sa gasa ta kusan wata ɗaya, daga ƙarshen Nuwamba zuwa 24 ga Disamba, ana neman mutum ya cika mita 100,000 ko 200,000, kuma ba sai zakarun duniya ke cikawa ba, mutane ne masu aiki da iyali har da dattawa. Don haka lambar da kake gani kamar ta aljanu, lamba ce ta mutumin da bai yi fashi ba kawai.

Nasan zaka ce amma Anti ai bai taɓa riga ni a mita 2000 ba. Na ji, kuma ban musa ba, sai dai wannan ba shaida bace a kan komai. Mita 2000 ita ce tazarar da aka saba tsere a Olamfik da gasar duniya, minti 6 zuwa 8 ne na azaba tsagwaronta, ƙarfin cinya da huhu take aunawa da yadda mutum zai jure raɗaɗi in ya shiga mita 500 na uku inda ƙafa ke ci da wuta. Tarin mitocin wata kuwa abin da yake aunawa daban ne, waye ke da lokaci, waye ba ya fashi, waye ke iya zama kan kujerar nan mai tauri yana kallon lamba tana hawa ba tare da ya ƙosa ba. Kana iya fin mutum gudu nesa ba kusa ba ya fi ka naci. Kai ka zaɓi gasar naci da hannunka, mai naci ya zo ya ci, sai kuma ka ce ai ka fi shi gudu?

Inaga a nan ciwon yake. Shekara da shekaru kai ne na gaba a tsakaninku, ka saba, shi ma ya saba, kulob ma sun saba, har ka shirya gasar a ranka ka riga ka san wa zai ci. Da ya wuce ka sai zuciya ta nemo maka mafita, ta ce ai ba zai yiwu ba sai dai in da maguɗi. Ba wai ina cewa kai mugu bane, kowa yana da irin wannan, amma gara ka gane ta da kanka kafin ka je wurinsa, don in ka je da ragowar zargi a ciki zai ji a muryarka.

Yanzu ita kanta gasar. Gaskiya tun ranar farko aka gina ta a karkace, ko da baka yi wannan rahar ba da sai wani abu ya ɓalle. Ka haɗa mitar ruwa da mitar inji a kwando ɗaya kamar abu ɗaya ne. A ruwa akwai iska, akwai igiya, in kogi ne akwai gangara da hawa, wanda ya bi ruwa ya sauka yana tara mita a ɓagas, wanda ya tunkari ruwa yana shan wuya lambarsa ba ta motsi. Ga kuma bambancin jirgi. Lokaci mafi sauri da aka taɓa yi a mita 2000 a jirgin mutum takwas na maza shi ne minti 5 da sakan 18 da ɗoriya, 'yan Jamus suka yi a 2017 a Poznan ta ƙasar Polan, na jirgin mutum ɗaya kuwa minti 6 da sakan 30 da ɗoriya ne, Robbie Manson na Niyu Zilan ya yi a wannan gasar dai. Kaga fiye da minti ɗaya a tsakani, a ruwa ɗaya, kuma duk gwanaye ne. Wato a kulob ɗinku wanda koci ya sa a jirgin takwas yana kwasar mitoci fiye da wanda ke fama shi kaɗai ko da ƙarfinsu ɗaya, kuma ko ya ɗan yi lamɓo mutum bakwai suna ja masa. Hukumar tuƙi ta duniya ma kanta ba ta ɗaukar lokutan ruwa a matsayin ma'auni tsayayye, "lokaci mafi kyau" take kiransu saboda ta san iska da yanayin ruwa suna canza komai. Su da ke da alƙalai da na'urori kenan, balle ku da kowa ke buga lamba da yatsa a waya.

Injin ma da ake ganin ba ya ƙarya yana da nasa son kai. Ba ya auna nauyin wanda ke kai. Ƙato mai kilo 100 zai fi mai kilo 65 lamba kusan kullum, amma in aka sa su a ruwa jirgin ƙaton ya fi nutsewa ya fi jan ruwa, sai kaga tazarar ta ragu ko ma ta juye. Shi yasa 'yan tuƙi ke cewa inji ba ya iyo. Shi yasa kuma aka ware rukunin marasa nauyi a wasan, namiji kar ya wuce kilo 72.5, mace kar ta wuce 59. Ka ɗora duka waɗannan a teburi ɗaya, mace da namiji, ɗan shekara 20 da ɗan 55, mai inji a ɗaki da wanda sai ƙarshen mako yake samun zuwa, sannan kai mai fafatawa kai ne mai lissafi. Haba ɗan'uwa.

Kuma kar ka ga kamar ku kaɗai ne. Tseren jami'ar Oksfod da Kambirij da duniya ke kallo a kogin Tems na Landan, asalinsa abokai biyu ne da suka yi makaranta tare, Charles Wordsworth da Charles Merivale, ɗaya ya tafi can ɗaya ya tafi nan, aka ƙalubalanci juna aka yi na farko a 1829. Wasa ne tsakanin abokai, amma a 1877 da alƙali ya ce an yi kunnen doki 'yan Oksfod suka yi ta ƙorafi cewa su suka ci, har yau ana ba da labarin. Indai akwai na ɗaya da na biyu toh sai rai ya shiga ko da ba kobo a ciki, shi yasa ake tsara doka tun ana dariya.

Toh me zaka yi. Ka daina kiran wayar nan, kira goma ba a ɗaga ba ya isa saƙo, kuma kar ka tura masa doguwar wasiƙa a WhatsApp. Ka taka ka same shi. In ka je kar ka fara da "ai kasan ni da wasa", kar ka ce "in ka ji haushi ka yi haƙuri", wannan ba ban haƙuri bane, ɗora masa laifin jin haushi ne. Ka ce masa wane na zarge ka da ƙarya a gaban mutane ba ni da wata hujja, ka wuce ni ne abin ya ci min rai na faɗi abin da bai kamata ba, ka yafe min. Sai ka yi shiru. In ya zazzage maka ka tsaya ka sha, kar ka katse shi da bayani, ƙila ma ka ji wasu tsofaffin abubuwa da ya daɗe yana haɗiyewa, irin yadda kake masa gyara a jirgi gaban mutane ko yadda in kun ci kai ne in kun faɗi shi ne. Irin wannan fita daga guruf cikin dare ba kasafai magana ɗaya ke jawo ta ba.

Bayan nan sai guruf. A gaban jama'a ka ɓata shi, a gaban jama'a zaka gyara, ban haƙurin ɓoye ba ya wanke zargin fili. Layi uku ya isa, ba alamar dariya ko ɗaya: maganar da na yi a kan wane kuskure ce, ba ni da dalilin zarginsa, na ba shi haƙuri kuma ina ba ku. Amma ka faɗa masa tukuna cewa zaka rubuta, kar ya ji a bakin wani. Kuma kar ka jefa shi cikin guruf ɗin da ƙarfi don kai ne admin, ka tambaye shi, in ya ce a bari tukuna a bari.

Masu cewa ka sa shi ya kawo shaida, ban goyi bayansu ba ko kaɗan. Ranar da kuka fara ba wanda aka ce ya kawo hoto, kowa bakinsa aka yarda da shi har da kai, toh don me sai da mutum ɗaya ya hau sama za a tuna da shaida? Wannan zargi na biyu ne a kan na farko. In shi da kansa ya ga dama ya buɗe ma'ajiyar injinsa ya nuna, don allon yana ajiye abin da aka ja da kwanan wata, wannan ruwansa, amma kar ya fito daga bakinka ko na wani da ka zuga. Masu cewa a soke kuma, ka lura soke gasa a daidai lokacin da abokinka ke kan gaba ma'anarsa ɗaya ce a wurinsa, wato gara kowa ya rasa da dai shi ya ci. Kar ka soke. Ku ƙarasa kwanakin da suka rage, ka miƙa lissafin ga koci ko wani da ba ya cikin masu fafatawa, in abokinka ne a sama a faɗi sunansa, kai ka fara taya shi murna.

In kuma a ce da gaske ya ƙara lamba fa? Nasan tambayar tana ranka. A ce ya ƙara ɗin, me ya ci? Suna a guruf na kwana biyu. Kai kuma me kake shirin asara? Abokin jirgi. Wanda bai taɓa zama a jirgin mutum biyu ba ba zai gane tsadar wannan ba, amma kai ka sani. Jirgin da faɗinsa da ƙyar ya ɗauki ƙugunka, hannu ɗaya ya ɗan yi sama kaɗan ya karkata, na baya ba ya ganin fuskar na gabansa sai bayansa da kafaɗarsa, daga nan yake karanta lokacin da filafili zai shiga ruwa, shi kuma na gaban ya miƙa wuya gaba ɗaya cewa na bayansa yana waiwaye yana duba hanya ba zai kai su cikin gada ko wani jirgi ba. Kafin mutum biyu su kai inda filafili huɗu ke faɗawa ruwa da sauti ɗaya, jirgi ya riƙa zamewa a ƙarƙashinsu tsakanin ja da ja ba tangarɗa, ana ɗaukar shekaru, kuma ba a samunsa da kowa, gwanaye biyu ma sai su zauna jirgi ya ƙi tafiya. Wannan kake so ka bayar don ka tabbatar ko kilomita 210 ce ko 190? Ni dai a ganina ko kana da hujja a hannu a keɓe ya kamata ka yi masa magana, balle ba ka da komai sai zato.

Bari in koma kan 'yar'uwar nan, don a duk saƙonka ita ta fi tayar min da hankali, kai kuma ka ambace ta a wuce. Ciwon haƙarƙari a wurin mai tuƙi ba abin wasa bane. Sanannen rauni ne a wannan wasan, ƙashin haƙarƙari yana iya tsagewa a hankali saboda maimaita ja sau dubbai, musamman in mutum ya ƙara yawan atisaye farat ɗaya, wanda shi ne daidai abin da gasarku ta sa kowa ya yi. In ciwon a wuri ɗaya yake da zata iya nunawa da yatsa, yana ƙaruwa in ta yi tari ko ta ja dogon numfashi ko ta juya a kan gado, toh ta ajiye filafili da inji ta ga likita, ba gobe ba. In aka kama da wuri hutun makonni ne, in ta ci gaba da ja a kai sai abin ya yi tsawo. Kuma tunda tsoron a wuce ta ne ya hana ta hutawa, ku cire mata tsoron, koci ya ce an daskare lambarta a inda take an rubuta mata matsayinta, ko a ce duk mai rauni ya fita da mutuncinsa. Ba kai zaka gaya mata ba in ba kwa irin wannan maganar, ka sa koci ko wata da take jin maganarta. Haka ciwon ƙugu, doguwar zama a inji in gajiya ta zo baya yana lanƙwashewa mutum yana ja da gadon baya maimakon ƙafa, nan ake samo shi. Kuma irin wannan gasar ta tara mita ita ke sa mutum ya saci jiki ya fita ruwa shi kaɗai da duhu ko ana iska don ya ƙara kilomita biyar. Ku sa ido.

Sababbin shiga da suka yi shiru kuwa ba lalaci bane. Mutum ya turo mita 3000 yana murna, minti biyar bayan nan wani ya turo 18,000, wa zai sake turowa? Tun satin farko sun san ba su da rabo.

Don haka in zaku sake, kuma ina so ku sake don gasa a kulob abu ne mai kyau, ita ke tada mutane daga barci ranar da jiki ya ƙi, ku canza abin da ake aunawa. Wadda na fi so ita ce ta cinke: kowa ya rubuta lokacin da yake ganin zai yi a mita 2000 ko 5000, a rufe allon injin da takarda, ya ja, wanda ya fi kusa da abin da ya faɗa shi ya ci. A nan ƙarfi ba ya taimako, sanin jikinka ne, sai kaga dattijuwa ta doke samari ana ta ihu, kuma ba yadda za a yi maguɗi don a gaban kowa ake yi. Ko ku yi ta rukuni, a raba mutane huɗu huɗu, kowane rukuni da gwani da sabo da mace da babba, a haɗa mitocinsu amma a sa iyaka, a ce abin da ya haura kilomita 10 a rana ba a ƙirgawa kuma dole kwana ɗaya na hutu a mako. Da zarar an sa iyaka, mita 3000 ɗin sabon shiga ta zama abin nema, gwanin rukuninsa da kansa zai riƙa kiransa yana lallashi ya zo.

In kuma kuna son ta wa ya fi ci gaba, ku san yadda lissafin injin yake don kar a sake rigima. Gudu da ƙarfi ba sa hawa kafaɗa da kafaɗa. Minti 2 cif a mita 500 kusan wat 203 ne (wat shi ne ma'aunin ƙarfin ja da allon injin ke nunawa), minti 1 da sakan 50 kuwa wat 263, wato sakan 10 kacal amma sai ka ƙara wat 60, kusan kashi 30 cikin ɗari. Sabon da ya sauko daga minti 2 da sakan 40 zuwa 2 da 30 shi ma sakan 10 ya rage, amma wat 18 kawai ya ƙara. Kaga in da sakan za a auna sababbi ne za su kwashe, wanda ni ban ga laifinsa ba in an faɗa tun farko cewa wannan watan nasu ne. Na shekaru ma ba sai kun ƙirƙiro ba, a gasar duniya ta masu shekaru ana farawa daga shekara 27, sai 36, 43, 50, 55, 60 haka har sama, mita 1000 suke ja, kuna iya aron wannan rabon. Na nauyi kuma Concept2 suna da ma'aunin daidaitawa a shafinsu na intanet, ka sa kilo da lokaci ya fitar maka. Akwai kuma gwajin minti 30 da ake ƙayyade ja 20 a minti, wannan yana hana masu fizge-fizge, dole ka ja da tsawo da ƙafa.

Ko wacce kuka zaɓa, ruwa daban inji daban, a rubuta dokar a liƙa kafin a fara, kowa ya turo hoton allo ko na agogonsa tun ranar farko, kai ka fara turo naka don kar a ga kamar saboda mutum ɗaya aka kawo dokar. Ma fi kyau ka bari shi abokin naka ya huce ya dawo a tsara da shi, in aka tsara ba ya nan zai ɗauka shi ake nufi. Kuma mai lissafi kar ya shiga gasa, in kana son fafatawa ka sauke littafin.

Abu ɗaya da zan ƙara, zai iya yafe maka a baki amma ya ƙi dawowa jirgi nan take. Kar ka matsa, kuma kar ka yi saurin ɗauko wani ka zaunar a kujerarsa, in ya zo wata safiya ya tarar da wani a wurin an gama kenan. Ka ja na mutum ɗaya ko ka hau inji na ɗan lokaci, ka gaya wa koci dalili a taƙaice don kar ya haɗa ka da wani, duk ranar atisaye ka tura masa layi ɗaya cewa ƙarfe kaza zan fita in kana zuwa, ba ƙorafi ba tuni. Amma kafin duk wannan ka kira koci yau ɗin nan a kan maganar haƙarƙarin 'yar'uwar nan, ita ba ta jiran sai kun shirya.